Na'urar auna zurfin ruwa: yadda take aiki da yadda ake ɗaura ta a kwale-kwalen Kogin Haɗejiya

A ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Kirikasamma da ke Jihar Jigawa, gorar tuƙi ce ma'aunin zurfin ruwa tun kaka da kakanni. Sai dai kogin da masunta suka sani ya sauya. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana rani da damina, ciyawar kachala ta samu gindin zama, yashi da laka suka cike hanyoyin ruwa, ciki har da mashigar Marma mai kai ruwa tafkin Nguru. Inda jirgi ya wuce bara, bana yana iya kafewa.

Yadda take aiki

Na'urar kashi biyu ce: allon da ke nuna lamba, da tiransdusa, wato ɗan kan da ke cikin ruwa. Tiransdusa na aika sauti zuwa ƙasan kogi, ya jira amsa-kuwwarsa. Sauti na tafiyar kimanin mita 1,480 a daƙiƙa cikin ruwan daɗi, don haka a zurfin mita 3 zai je ya dawo cikin kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa. Daga wannan lokaci na'urar ke lissafa zurfin. Fasahar ta samo asali ne bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, kuma Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1913.

Inda ake ɗaura ta

Hanyoyi uku aka sani: a manna tiransdusa a cikin jirgi, a huda gindin jirgi a zura shi, ko a ɗaura shi a waje. Ta farko ba ta yi sai a jirgin faiba, domin katako na shanye sautin. Ta biyu kuwa kasada ce ga jirgin da ake ja bisa yashi kullum. Abin da ya dace da kwale-kwalen katako shi ne a ɗaure tiransdusa a bayan jirgi ko a jikin sandar da aka kafe a gefe, yadda za a iya ɗage shi a wuri marar zurfi.

Dole fuskarsa ta kalli ƙasa sak, ta kuma kasance cikin ruwa ko da jirgin ba kaya. A nesanta shi da farfelar inji, domin kumfa na katse sauti. Batir mai bolt 12 ya isa, amma a sa fis, a kuma raba wayarsa da ta inji. Lambar da allo ke nunawa daga tiransdusa take farawa, ba daga saman ruwa ba, saboda haka a gwada ta da gora kafin a dogara da ita. A cikin kachala, sautin kan dawo daga ciyawa, na'urar ta nuna zurfin ƙarya.

Abin da ya shafi jama'a

Amfanin wannan awo ya wuce tsare jirgi ɗaya. Duk shekarar da ambaliya ta ci gonakin Haɗejiya, kamar 2020 da 2022, batun yashe kogi kan taso. Kula da madatsun na hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, dokokin sufurin ruwa kuma na hannun NIWA. Idan ƙungiyar masunta ta auna zurfin wuri guda kafin aikin yasa da bayansa, ta rubuta rana da wurin, ta samu hujjar da za ta tuhumi ɗan kwangila ko ta wanke shi. Dausayin Baturiya, wanda ya shiga jerin Ramsar a 2008, da noman shinkafa da kamun kifin yankin duk sun rataya ne kan hanyoyin ruwan nan su kasance a buɗe.