Daga Landan Zuwa Kaduna: Asalin Dokar Zubar da Ciki a Najeriya

A ƙarshen watan Yunin 2022 gwamnatin Jihar Legas ta fitar da wata takarda da ke yi wa likitoci bayanin lokacin da doka ta yarda a cire ciki domin ceton uwa. Ba a yi mako biyu ba Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da ita, bayan shugabannin addini, musamman na Cocin Katolika, sun yi caa a kansa. Abin ya zo daidai da kwanakin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya ba matan ƙasar damar zubar da ciki, don haka muhawarar ta zo mana da zafin wata ƙasa. Wasu suka ce dokarmu tarkacen mulkin mallaka ce, a share ta. Wasu suka ce dokar Allah ce, kada a taɓa ko wasali ɗaya. A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin labarin ne, ya saki rabi.

Tun fil azal mata sun san saiwoyi da jiƙe-jiƙen da ke taɓa ciki, masana kuma suna gardama kan lokacin da abin da ke cikin mahaifa yake zama mutum. Tsohuwar dokar Ingila ba ta ɗauki zubar da ciki babban laifi ba sai ɗa ya fara motsi. Cocin Katolika ma ta daɗe tana bambanta cikin da aka busa wa rai da wanda ba a busa wa ba, sai a 1869 Fafaroma Pius na Tara ya daina yin wannan bambanci wajen hukunci.

A ƙasar Hausa kuwa, tun kafin Bature ya sa ƙafa, maganar tana cikin littattafan zaure. Tushenta hadisin Ibn Mas'ud ne, wanda ya kasa halittar ɗan tayi gida uku, kowanne kwana 40: maniyyi, gudan jini, tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Daga nan aka samo kwana 120 da malamai ke yawan ambata. Bayan wannan lokaci babu saɓani a kan haramci, sai fa idan ran uwa ne a kan siraɗi. Kafinsa ne mazhabobi suka rabu. Da yawa daga Hanafawa sun yarda idan akwai uzuri mai ƙarfi. Malikiyya, wadda ita ce tamu, ta fi kowa tsanani: Shaihu Dardir, mai sharhin Mukhtasar, ya hana tun kafin kwana 40, ko da yake Lakhmi, shi ma Bamalike, ya sassauta a wannan ɗan tsakani. Wanda duk ya ce Turawa ne suka koya mana ƙin zubar da ciki, bai zauna gaban malamin Risala ba.

Amma a duba hukuncin. Asalinsa labarin mata biyu ne na ƙabilar Huzail, ɗaya ta jefi ɗaya da dutse har ta yi ɓari, Annabi (SAW) ya yanke a biya gurra. Risala ta ƙiyasta ta dinari 50 ko dirhami 600, wato ushirin diyyar uwar. Diyya ce da ake biya wa magada, tana da ma'auni, tana kuma duban ko ɗan ya faɗo a mace ko ya yi kuka kafin ya mutu. Babu maganar ɗaurin shekara 14 a ciki. Wannan daga wani wuri ya zo.

A 1861 majalisar Ingila ta yi dokar laifuffukan da ake yi wa jikin mutum, sashe na 58 da 59 suka mai da zubar da ciki laifin da ke iya kai mutum ɗaurin rai da rai. Wani alƙali a Kwinsland ta Ostareliya, Samuel Griffith, ya tsara kundin laifuffuka na 1899 bisa wannan ruhi. Wannan kundin aka kwaikwayo wa Arewa a 1904 zamanin Lugga, aka shimfiɗa shi kan Najeriya baki ɗaya a 1916. Shi ne Kiriminal Kod da yawancin Kudu ke aiki da shi har gobe: shekara 14 ga wanda ya zubar, 7 ga matar, 3 ga wanda ya kawo magani ko kayan aiki.

Dokar Arewa ta yanzu ta fi tafiya mai nisa. Gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, don a samo kundin da Musulmi da wanda ba Musulmi ba za su amince da shi. Aka ɗauko na Sudan, wanda shi kuma jikan kundin Indiya ne na 1860 da Macaulay ya tsara. Majalisa a Kaduna ta amince a 1959, ya fara aiki a 1960. Shi ne Final Kod. Sashe na 232 ya ce wanda ya jawo wa mace ɓari da gangan, in ba da kyakkyawar niyyar ceton ranta ba, zai iya shan ɗaurin shekara 14. Wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba: kundin Indiya ya raba hukuncin, shekara 3 kafin ɗa ya motsa, 7 bayan ya motsa. Namu ya haɗe su ya ninka. Ke nan matakan da fiƙihu ya sani, waɗanda ko Macaulay ya ajiye inuwarsu, a hanya suka zube.

Waɗanda suka ba mu dokar kuma sun daɗe da canza tasu. A 1938 wani likita a Landan, Aleck Bourne, ya cire wa yarinya 'yar shekara 14 cikin da ta samu bayan sojoji sun yi mata fyaɗe, ya kai kansa ga hukuma, kotu ta wanke shi bisa cewa ceton rai ya haɗa da ceton lafiya da hankali. Ingila ta sake doka a 1967, Indiya a 1971, Kwinsland a 2018. Mu kuwa duk yunƙurin da aka yi ya mutu a ƙofa: ƙudurin 1981 a Majalisar Wakilai, daftarin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a farkon shekarun 1990, dokar Jihar Imo da Rochas Okorocha ya nemi a soke a 2013. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda ta yarda da cire ciki idan fyaɗe ne ko haɗarin lafiya, amma ba ta shigar da ita cikin dokokinta ba. Majalisar Nijar kuwa ƙin amincewa da ita ta yi.

Akwai masu cewa tsananin dokar ne ke kare tarbiyya. Da haka ne, da alƙaluman ba su kai inda suka kai ba. Binciken cibiyar Guttmacher da Jami'ar Ibadan ya ƙiyasta cewa an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012 kaɗai. Kotu ba ta ganin ko kaɗan daga ciki, ɗakin haihuwa ne ke gani. Ana kawo yarinya da daddare a Keke Napep, zani ya jiƙe da jini, uwar tana cewa ɓari ta yi, ita kuma ta kasa ɗaga ido. Ma'aikaciyar jinya ta san ƙwayar kemis ce ko aikin wani ɗaki a lungu, sai ta yi shiru ta shirya wankin ciki. Abin da ya kai yarinyar lungun tsoron a ce ta yi cikin shege ne, wanda a unguwa ya fi sashe na 232 nauyi nesa ba kusa ba. Kuma ba 'yan mata kaɗai ba ne, akwai matan aure masu goyo da ciki ya zo musu a kan gwiwa.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne 2015, lokacin da aka kuɓutar da mata daga dajin Sambisa, Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wasu daga cikinsu na ɗauke da juna biyu. Final Kod ba shi da abin ce musu, domin fyaɗe ba uzuri ba ne a cikinsa. Fiƙihu kuwa yana da ƙofar da za a iya ƙwanƙwasawa: ko a 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yarda a cire ciki kafin kwana 120 idan likitoci amintattu suka tabbatar da mummunar nakasar da ba ta da magani. Malaman da suka yi wannan fatawa sun zauna da likitoci ne, suka ji bayani, suka auna lalura da kwanaki. Takardar Legas ita ma ba sabuwar doka ta kawo ba, bayanin wadda ake da ita ne ga likitan da ke tsaye kan mace mai zubar da jini yana tsoron ɗan sanda, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta riga ta fitar da irinta tun 2018.