Tafiyarmu Zuwa Bakolori: Abin Da Muka Gani Da Abin Da Ruwa Ya Rufe

Da Sakataren ƙungiya ya aiko mini da saƙo cewa in rubuto wani abu na tarihi don wannan fitowa ta mujallarmu, na daɗe ina jujjuya alƙalami ban san inda zan kama ba. Ana nan sai wani abokin aikina a ma'aikata ya dawo daga kwas a Turai, ya shiga nuna mana hotuna. Ashe da suka ƙare karatu sai aka zuba su a wata doguwar motar safa aka yi ta zagayawa da su yawon buɗe ido. A ƙasar Norwe sun ga manyan duwatsu da lungunan teku waɗanda suka kutsa tsakanin tsaunuka, a Faransa kuma sun ratsa gonakin inabi iyakar ganin ido. Ya ce mana, "Ai mu ba mu da irin wannan." Ban yi masa musu ba, amma nan take zuciyata ta koma ga ranar da aka kai ajinmu Bakolori cikin 2006, muna aji biyu na babbar sakandare.

Waɗanda muka yi tafiyar tare za su tuna. Tun bayan sallar asuba muka yi cirko-cirko a bakin ofishin shugaban makaranta, kowa da farin kayan makaranta da littafin rubutu, da burodi da ƙuli-ƙuli a aljihu. Malaminmu na labarin ƙasa, Allah Ya saka masa da alheri, ya tsaya a ƙofar mota yana ƙirga mu ɗaya-ɗaya. Muka bar Gusau, muka bi ta Bungudu da Maru da Mayanci, duwatsu na wucewa dama da hagu, ana ta rububin zama kusa da taga. Malam kuwa bai bar mu mun huta ba, duk abin da aka wuce sai ya ce a rubuta.

Da muka hau kan madatsar sai mota ta yi tsit. Yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba, ga masunta can nesa cikin kwale-kwale kamar ƙudaje. Wani jami'i ya tarbe mu, ya karanto mana lissafi muna kwafewa: an datse Gulbin Sakkwato ne, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya bi ta Gusau, an fara aikin cikin 1974 aka gama madatsar cikin 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina wa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, tsawon ganuwar ya kai kilomita 5 da rabi, tsayinta a tsakiya mita 48, tafkin ya mamaye hekta 8,000, yana kuma iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Daga nan aka gangara da mu cikin gonaki ta ɓangaren Talata Mafara da Bakura. Ga shi tsakiyar rani, ko'ina ya bushe ƙayau, amma nan shinkafa da tumatir da albasa da dankali sun yi kore shar. Wallahi a ranar ji na yi babu wurin da ya kai jiharmu kyau.

To, a hanyar komawa sai tayar motarmu ta yi faci kusa da wani ƙauye. Direba da yaronsa suka duƙufa, mu kuma muka fake ƙarƙashin wata tsamiya inda wani dattijo ke sayar da soyayyen kifi. Ya dube mu ya ce, "'Yan makaranta, daga ina?" Muka ce, "Baba, daga kallon dam." Ya ce, "Mi kuka gani?" Muka ce ruwa. Ya yi murmushi ya ce, "Ruwan ga da kuka gani, gonar ubana tana ƙarƙashinai, da rijiyarmu, da kushewar kakana." Wani daga cikinmu ya yi dariya, yana tsammani wasa ne. Malam ya daka masa tsawa, sa'an nan ya tsuguna ya gaida dattijon, suka yi magana ƙasa-ƙasa har aka gama ɗaura taya. Da muka koma makaranta aka ce kowa ya rubuta rahoto. Na cika shafi huɗu da lissafin jami'in nan, na sami maki mai kyau, amma ko kalma ɗaya ban rubuta a kan dattijon ba. Sai da na shiga jami'a, na ci karo da rubuce-rubucen masana irin su Bjorn Beckman, mutumin Suwidin da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sa'an nan na gane abin da ya so ya faɗa mana.

Ga yadda abin yake. Kafin a yi madatsa, rayuwar mutanen wannan kwari ta rataya ne a kan ambaliyar gulbi. Da damina ruwa yakan cika ya malala cikin fadama, a shuka shinkafa. In ya janye ya bar laka da danshi, a yi noman rani, masunta su kama kifi a tafkunan da ya bari, makiyaya kuma su sami ciyawa. Ƙasa ce mai tsohon tarihi, ta Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, kuma a Faru ta ƙasar Maradun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, tun kafin jihadi.

Cikin 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan kwarin Sakkwato da Rima. Shawararta ita ce a yi madaidaiciyar madatsa, a bi abin sannu a hankali, a kuma kula da manoman da ke ƙasa da ita. Amma sai kuɗin man fetur suka shigo bayan yaƙin basasa, ga kuma fari na 1973 wanda ya tsorata kowa. Gwamnatin soja ta lokacin ta ga ya kamata a yi babban aiki, a yi shi da sauri. Niyyar kuwa mai kyau ce, watau a shayar da hekta 23,000, a noma alkama da shinkafa, ƙasa ta rage sayen abinci daga waje. Kashi biyu cikin uku na filin an tsara shi ne a kan famfunan feshi masu aiki da lantarki, sauran kuma ruwa ya gangara da kansa ta magudanai.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne wajen mutane. Kimanin mutum 13,000 na ƙasar Maradun aka tasa daga wurin da tafkin ya cinye, aka mayar da su kan tudu, ƙasar da ba ta kama ƙafar fadamar da suka bari ba wajen albarka. Su kuma manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin, aka ce su dakata da noma har katafila ta baje ƙasa a haƙa magudanai. Aka sare itatuwan amfani, iyakokin gonaki na gado suka ɓace, wasu suka yi damina biyu ko uku ba su shuka komai ba. Batun diyya kuma ya zama yau da gobe: wani an rubuta sunansa ba a biya shi ba, wani an biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Kowa ya san abin da ake nufi in aka ce magidanci ya ga damina ta wuce rumbunsa babu komai.

Manoma suka kai kuka wurin hukuma, wasu suka je kotu. Da suka ga shiru, sai suka fara tare hanyoyin aikin, suna hana motocin kamfani wucewa. Da mulki ya koma hannun farar hula cikin Oktoba 1979, Alhaji Shehu Shagari na Shugaban Ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa na Gwamnan Jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta a lokacin, an yi musu alkawarin za a duba kukansu, amma biya bai zo yadda suka zata ba, suka sake datse hanyoyi. A ƙarshen watan Afrilu 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje a Birnin Tudu da wasu ƙauyuka na kusa, aka kama mutane da yawa. Hukuma ta ce waɗanda suka rasu ba su kai 30 ba. Wasu masu bincike kuwa suka ce sun haura 380. Allah Ya jiƙansu da rahama, amin.

Bugu da ƙari, akwai waɗanda ba a ma sa su cikin lissafi ba tun farko, watau manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar, har zuwa wajen Sakkwato. Da ambaliya ta ragu, sai shinkafa ta ja baya, aka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci, samari da dama suka kama hanyar cin rani. Su kuma famfunan feshin nan da aka kashe wa maƙudan kuɗi, rashin lantarki da kayan gyara ya durƙusar da su, har ya zama a farkon shekarun 2000 abin da ake shayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na filin da aka tsara ba. Ashe koren da ya burge mu cikin 2006 ɗan yanki ne kawai. Cikin 2014 ne Bankin Duniya ya amince da wani shiri na gyaran manyan ayyukan noman rani a Arewa, Bakolori na cikinsu.

Kada wani ya ce na zo ne in kushe madatsar. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san dubban gidaje a Mafara da Bakura da Maradun da ruwan nan suke ci suke sha, kuma da yawa daga cikinmu da kuɗin shinkafar Bakolori aka biya mana kuɗin jarrabawa. Abin da nake cewa shi ne an biya farashi, waɗanda suka biya kuwa ba a faɗa mana sunansu a aji ba. A duk lokacin da fayil ya zo teburina mai ɗauke da kalmar "diyya", sai na tuna da dattijon nan mai kifi, in sake karanta shi da kyau kafin in sa hannu.

Bari in koma kan abokin aikina da hotunansa. Da na bincika tarihin ita Norwe ɗin, sai na tarar a daidai shekarun da ake rikicin Bakolori, su ma suna nasu. Gwamnatinsu ta ƙudurta datse kogin Alta a can arewacin ƙasar don samar da lantarki, ƙabilar Sami masu kiwon wata irin barewa ta ƙasar sanyi suka ce ba su yarda ba. Suka zauna a kan hanyar aikin, wasu suka yi yajin cin abinci a gaban majalisa cikin 1979. A Janairu 1981 aka kai 'yan sanda wajen 600 suka ɗauke su daga hanya. An gina madatsar, ta fara aiki cikin 1987, amma rikicin ya sa ƙasar ta sake duba yadda take riƙon waɗannan mutane, har aka buɗe musu majalisarsu cikin 1989. Na tambayi abokina ko mai yi musu jagora a mota ya ba su wannan labari, ya ce shi dai duwatsu da ruwa aka nuna masa. Na ce to, ashe tagar mota ko'ina halinta ɗaya ne.

Abin baƙin ciki shi ne ƙannenmu ko tagar ma ba su samu ba. Duk mun san abin da ya faru cikin 2021 a waɗannan ƙananan hukumomi uku: a watan Fabrairu aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙasar Talata Mafara, a watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashi ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar na wani lokaci. Bayan irin wannan, wane shugaban makaranta ne zai cika mota da 'ya'yan mutane ya ce a tafi kallon ruwa? Da na kai ziyara tsohuwar makarantarmu na tambayi 'yan wani aji ko wa ya taɓa ganin Bakolori, hannu biyu kacal aka ɗaga, su ma 'yan can ne.

Saboda haka ina da shawara uku ga uwar ƙungiya. Ta farko, membobinmu 'yan asalin waɗannan garuruwa su zauna da iyayensu da kakanninsu, su ɗauki muryarsu a waya, su rubuta abin da suka gani daga 1974 zuwa 1980, domin wanda yake saurayi a lokacin yau ya manyanta, in suka tafi kuwa sun tafi da shi. Ta biyu, a taronmu na shekara a keɓe awa ɗaya a gayyaci ɗaliban babban aji, injiniyoyinmu su yi bayanin madatsa, masana tarihinmu su yi bayanin mutanenta. Ta uku, mu buɗe ɗan asusu tun yanzu, ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya hanya ta buɗe, ƙungiyarmu ce za ta ɗauki hayar motar farko. In ranar ta zo, ina roƙon a sa tsohuwar ƙasar Maradun da Birnin Tudu cikin jerin wuraren tsayawa, a kuma nemi wani dattijo na wurin a ba shi kujera kusa da direba.

Ga Malaminmu na labarin ƙasa, in wannan mujalla ta iso hannunka, Malam, ga cikon rahoton nan da na bari tun 2006. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya jiƙan malamanmu da 'yan ajinmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Wassalam.