Kifin Betta: Yadda Ake Gane Ba Shi Da Lafiya Da Yadda Ake Jinyarsa A Gida

Betta shi ne ɗan kifin nan mai launi da baza jela da masu sayar da kifin ado suke ajiyewa a ƴan kwalabe a Legas, Ibadan da Fatakwal. Asalinsa daga ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, inda yake rayuwa a gonakin shinkafa da fadamu, har ma a shekarar 2019 Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Idan ya samu kulawa yakan yi shekara 2 zuwa 4. Namiji ba ya zama da ɗan'uwansa namiji, faɗa za su yi ta yi har ɗaya ya jikkata.

Yana iya leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska, shi ya sa ake ganin kamar ko a kofi ma zai rayu. To a nan matsalar take. Yawancin ciwon Betta daga ruwa yake farawa, don haka kafin ka nemi magani, fara duba ruwan.

Alamomin rashin lafiya

Lafiyayyen Betta yana zuwa da gudu idan ya ga abinci. Idan ya daina ci, ya naɗe fikafikansa, launinsa ya koɗe, ko ya kwanta a ƙasan tanki, akwai matsala.

Zagwanyewar jela: bakin jela da fikafikai ya yi baƙi ko fari, yana yagewa kamar tsumma. Ƙwayoyin cuta ne da ƙazamin ruwa ke ba su dama.

Fararen ɗigo: jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da duwatsu.

Ƙurar zinariya: idan ka haska shi da tocila za ka ga kamar an zuba masa hoda ruwan gwal.

Kasa iyo: yana karkacewa, ko ya kasa nutsewa. Sau da yawa cin abinci ne ya yi yawa, cikin ya danne jakar iskar da ke daidaita shi.

Kumburi: ciki ya kumbura, ɓawon jiki ya miƙe kamar bayan abarba. Wannan alama ce ta lalacewar kayan ciki, kuma a gaskiya ba kasafai ake tashi ba.

Matakin farko: gyara ruwa

Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce da ke ƙona shi, kuma a ƙaramar kwalba nan da nan take taruwa. Gara tanki mai cin kamar lita 20. Yayin jinya, a canja kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin ruwan kullum ko bayan kwana biyu. Kada a juye duka lokaci guda, kuma sabon ruwan ya zama ɗuminsa ɗaya da na ciki.

Ruwan famfo na iya ɗauke da kilorin, sai a ɗiga masa maganin kashe kilorin da ake samu a shagunan kifin ado. Kada sabulu ko omo ya taɓa tankin.

Ɗumin da yake so shi ne digiri 24 zuwa 28. Yanayin kudu ya dace da shi, amma ɗaki mai na'urar sanyi yana sanyaya ruwan, ranar taga kuma tana zafafa shi. Idan za a fesa maganin sauro, a fitar da tankin ko a rufe shi ruf, don feshin nan yana kashe kifi.

Magani

Zagwanyewar jela idan ba ta yi nisa ba, tsaftataccen ruwa kaɗai kan warkar da ita. Ana iya ƙara gishirin kifin ado, ƙaramin cokali ɗaya a lita 4, a narkar da shi tukuna, kada a wuce kwana 10.

Busasshen ganyen almon, bishiyar nan mai inuwa da Yarbawa ke kira furutu, masu kiwon Betta a Tailan sun daɗe suna amfani da shi. A wanke ganye ɗaya a jefa. Ruwan zai yi kalar shayi, ba komai.

Fararen ɗigo da ƙurar zinariya sai da maganinsu na shago. A bi awon da ke jikin kwalba, a kuma cika kwanakin ko da ɗigon ya ɓace, domin ƙwayar tana nan a cikin ruwa. Kada a haɗa magani biyu, kada kuma a zuba masa kafso na mutane.

Mai kasa iyo a hana shi abinci kwana 2 zuwa 3, a rage tsayin ruwan don ya iya kai bakinsa sama. Bayan nan, ƙwayar abinci 2 zuwa 3 safe da yamma ta ishe shi. A ja wa yara kunne, su ne suka fi cika masa ciki saboda so.

Idan an yi mako guda ba sauƙi, a ɗauki hotonsa a waya a nuna wa likitan dabbobi ko gogaggen mai kiwon kifi. Dabbar da ka ajiye amana ce a hannunka, komai ƙanƙantarta.