Cinikin Biri a Sama: Yaƙin Faifan Blu-ray da HD DVD, da Abin da Mai Kallo a Ruwan Godiya Ya Zaɓa

Ranar 19 ga Fabrairu, 2008, shugaban kamfanin Toshiba, Atsutoshi Nishida, ya tara 'yan jarida a birnin Tokyo ya sanar cewa kamfaninsa ya daina ƙera na'urar HD DVD. Da wannan sanarwa aka kawo ƙarshen gasar da ta kusa shekara biyu tsakanin faifai iri biyu, kowanne yana neman ya gaji DVD. Mutanen da suka riga suka sayi na'urar da aka kayar, kimanin miliyan ɗaya a duniya, suka wayi gari da kayan da ba za a ƙara yi wa sabon fim ba.

A Ruwan Godiya, cikin ƙaramar hukumar Faskari, da wuya a ce wannan labari ya hana wani barci. A shekarun nan fim ɗin Hausa kan baro Kano ne a faifan VCD, ya iso kasuwannin kudancin Katsina, a kalle shi a tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, galibi da ƙarar janareta a gefe. Duk da nisan da ke tsakani, mai saye a Amurka da ya ƙi taɓa sabon faifan, da magidanci a Ruwan Godiya da bai ma yi tunaninsa ba, lissafi ɗaya suka yi. Wannan lissafin shi ne abin da za mu bi diddiginsa.

Tabon Betamax

Masu saye ba su shiga 2006 da wankakkiyar zuciya ba. A 1975 kamfanin Sony ya fito da kaset ɗin Betamax, a 1976 kuma JVC ya fito da VHS. Kaset ɗin wannan ba ya shiga na'urar wancan. Da yawa na ganin hoton Betamax ya ɗan fi kyau, amma na farkonsa awa ɗaya kawai yake ɗauka, alhali VHS na ɗaukar awa biyu, wato cikakken fim. JVC ya kuma ba kamfanoni da dama izinin ƙera na'urarsa, farashi ya sauka, shagunan hayar kaset suka cika da VHS. A 1988 Sony da kansa ya fara ƙera na'urar VHS. Wanda ya sayi Betamax ya koyi darasi da aljihunsa, kuma ya ba 'ya'yansa labari.

Kamfanonin ma sun ji a jikinsu. Lokacin da aka zo ƙirƙiro DVD, an sake rabuwa gida biyu: Sony da Philips a gefe guda, Toshiba da Time Warner da abokansu a ɗaya gefen. Kamfanonin kwamfuta, IBM na kan gaba, suka nuna ba za su karɓi faifai biyu ba. A 1995 aka sasanta kan tsari ɗaya. DVD ya fito a Japan a ƙarshen 1996, ya shiga Amurka a 1997, kuma cikin 'yan shekaru ya mamaye gidaje, domin mai saye ba shi da fargabar ya zaɓi wanda za a kayar.

Yadda sulhu ya gagara

Da talabijin mai tsantsar hoto ta fara yaɗuwa, sai DVD ya yi kaɗan. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka. An gano cewa idan aka maye gurbin jan hasken da ke karanta faifai da shuɗi, wanda ya fi siranta, za a iya cusa bayanai ninki da yawa a faifai mai girma ɗaya. Sony da Panasonic da Philips da wasu suka gina Blu-ray, mai gigabait 25 a shimfiɗa. Toshiba da NEC suka gina HD DVD, mai gigabait 15, wanda ya fi arahar bugawa domin ana iya gyara masana'antun DVD da ake da su a buga shi. An zauna neman sulhu a 2005, aka tashi baram-baram. Abin da ake rigima a kai shi ne kuɗin lasisi: duk wanda tsarinsa ya yi nasara, shi zai riƙa karɓar kamasho a kan kowace na'ura da kowane faifai na shekaru masu yawa.

Na'urar Toshiba ta shiga kasuwar Amurka a Afrilu 2006 a kan dala 499. Ta Blu-ray ta farko, ƙirar Samsung, ta biyo baya a Yuni a kan dala 999. Kamfanonin fim na Hollywood su ma suka rabu. Disney da Fox da Sony Pictures suka tsaya wa Blu-ray, Universal ya tsaya wa HD DVD, Warner da Paramount suka riƙa fitar da fim a duka biyun, har zuwa Agusta 2007 da Paramount ya koma HD DVD kaɗai. Ma'ana, ko wace na'ura mutum ya saya, akwai finafinan da ba zai iya kallo ba.

Dalilan mai jira

Bahaushe yana da suna ga irin wannan ciniki: cinikin biri a sama. Ka biya kuɗi mai yawa a kan abin da bai zo hannu ba, domin darajar na'urar ta dogara ne a kan hukuncin da wasu kamfanoni za su yanke nan gaba. Mafi yawan mutane suka naɗe hannu suka zuba ido.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin abin da aka ƙara musu. Wanda ya bar kaset ya koma DVD ya rabu da mayar da zare baya, ya rabu da na'ura mai cinye zare, ya sami damar tsallakawa inda yake so a fim. Wanda zai bar DVD ya koma Blu-ray kyan hoto da sauti kawai zai ƙaru da su, kuma ba zai ga bambancin ba sai ya sayi sabuwar talabijin. Na uku, mutane sun riga sun tara faya-fayen DVD, ga kuma na'urori masu araha da ke ɗan gyara hotonsu a kan sabuwar talabijin.

Abin da ya raba gardama bai shafi kyan hoto ba. Sony ya saka Blu-ray cikin na'urar wasanni ta PlayStation 3, wadda ta fito a Nuwamba 2006, don haka miliyoyin gidaje suka mallaki mai karanta Blu-ray ba tare da sun fita nemansa ba. Toshiba ya karya farashi har aka sayar da wata na'urarsa ƙasa da dala 100 a ƙarshen 2007, amma faya-fayen Blu-ray suka ci gaba da fin na HD DVD ciniki. Ranar 4 ga Janairu, 2008, Warner ya sanar da komawa Blu-ray kaɗai, yana mai kafa hujja da ruɗanin da masu saye ke ciki. Manyan shaguna irin su Best Buy da Walmart suka bi sahu a Fabrairu, kwanaki kaɗan bayan haka Toshiba ya miƙa wuya.

Sai dai wanda ya ci gasar ya tarar kasuwa ta fara watsewa. YouTube ya bayyana a 2005, Netflix ya fara nuna fim ta intanet a Janairu 2007. Blu-ray bai taɓa kai inda DVD ya kai a lokacin ganiyarsa ba. A 2019 Samsung, wanda ya fara kawo na'urar kasuwa, ya daina fitar da sababbi a Amurka.

Hanyar da fim ɗin Hausa ya bi

A ƙasar Hausa tarihin ya bi wata hanya daban. Masana'antar da aka sani da Kannywood a kan kaset ɗin VHS ta tashi, kuma ana yawan ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, a 1990. Zuwa 1999 harkar ta yi girman da ta sami mujallu nata, ciki har da Fim, wadda Ibrahim Sheme, ɗan asalin ƙaramar hukumar Faskari, ya kafa a wannan shekara.

Tsarin kasuwancin ya dace da kaset matuƙa. A Kasuwar Ƙofar Wambai da yankin Bata, mai shirya fim kan ba 'yan kasuwa uwar kaset, ya sayar musu da kwalin da aka buga hoton fim a kai. Su ne ke jera na'urori suna kwafa, suna zura kowane kaset cikin kwalinsa. Kuɗin mai fim daga yawan kwalin da ya sayar yake fitowa. Daga nan kaya ke bin motoci zuwa Funtua da Malumfashi da Gusau, har su isa kasuwannin ƙauye da shagunan haya.

Da aka bar kaset a shekarun farko na wannan ƙarni, ba DVD aka fara runguma ba. VCD aka kama, faifan da aka tsara tun 1993, wanda Turai da Amurka ba su damu da shi ba amma ya karɓu a Sin da kudu maso gabashin Asiya. Hotonsa bai wuce na kaset da wani abin kirki ba, kuma minti saba'in da 'yan kai kawai yake ɗauka, abin da ya dace da al'adar raba fim kashi na ɗaya da na biyu. Amma faifan ba shi da tsada, ba shi da wani makulli da ke hana kwafa, na'urorinsa ƙirar Sin sun sauko inda ƙaramin ma'aikaci da manomi bayan kaka za su iya saye. Ko da DVD ya yaɗu daga baya, abin lura shi ne yadda kasuwa ta yi amfani da faɗinsa: masu kwafa suka riƙa matse finafinai da yawa a faifai guda, na Indiya da na Sin da na Amurka, hoton ya dusashe amma mai saye ya tafi gida da kallon mako guda. An ba shi zaɓi tsakanin kyan hoto da yawan fim, ya zaɓi yawa.

A saka Blu-ray cikin wannan lissafi a gani. A 2006 dala ɗaya tana kusan naira 128 a farashin hukuma, wato na'urar dala 999 ta kai kimanin naira 128,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa a lokacin naira 5,500 ne. Albashin kusan shekara biyu ke nan, kafin a zo ga talabijin ɗin da za ta nuna bambancin, da wutar da za ta kunna su. Ko mutum yana da kuɗin, me zai kalla? Fim ɗin Hausa ba ya fitowa a wannan faifai, maƙwabci ba shi da irinsa balle a yi aro, mai shagon haya ba ya ajiye shi, mai gyara a bakin kasuwa bai san cikinsa ba. Na'urar kallo ba ta rayuwa ita kaɗai. Tana bukatar mai bugawa da mai sayarwa da mai gyara da abokin musaya. A Ruwan Godiya VCD yana da duk waɗannan, Blu-ray ba shi da ko ɗaya.

Tsallaken da aka yi da abin da ya ci

Wanda ya gaji VCD da DVD a ƙasar Hausa shi ne katin memori. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma da wayoyi masu nuna bidiyo suka yi araha, sai 'yan tura-tura suka bayyana: matashi da kwamfuta a rumfa, yana zuba wa mutum finafinai a waya a kan kuɗi kaɗan. Hoton ya fi na faifai ƙanƙanta, amma waya tana shiga aljihu, tana aiki da cajin da aka biya a shago, kuma mutum yana kallo a gona ko a ɗaka ba tare da janareta ba. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan daga 2020 finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka ja miliyoyin masu kallo a YouTube. Tsantsar hoton da Sony da Toshiba suka yi yaƙi a kai ta iso ƙasar Hausa daga ƙarshe, amma ta waya da talabijin ta bango ta shigo.

Mai saye ya ci riba da jiransa. Wasu ne suka biya kuɗin tsallaken. Kasuwar faifai ta rushe, 'yan kasuwar da ke zuba jari a fim suka watse zuwa wasu sana'o'i, kuma kuɗin da ake ba ɗan tura-tura galibi ba ya komawa ga wanda ya shirya fim ɗin. Dogaro da intanet ma yana da nasa rauni, kuma mutanen wannan yanki sun ɗanɗana shi. A Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka shafe watanni a haka. A wannan lokaci abin da ke ajiye a memori ko a faifai ne kawai abin kallo.

Babbar asarar kuwa tana gaba. Finafinan Hausa na shekarun 1990 da farkon 2000 suna kwance a kaset da faifai masu arha. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura da danshin damina, faifan da aka kwafa a shago yana karcewa, fatarsa tana ɓarewa, na'urorin da ke karanta su kuma suna ƙarewa; kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, Funai na Japan, ya daina a 2016. A cikin waɗannan finafinai akwai karin harshe, da sutura, da fasalin gidaje da titunan Kano da Kaduna da Jos na wani zamani da ya wuce. Duk mai kwalin tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado, a Funtua ko a Ruwan Godiya, yana iya kasancewa shi ke riƙe da kwafin ƙarshe na wani fim. Jami'o'inmu da hukumomin adana tarihi da su kansu masu shirya fim suna da sauran 'yan shekaru su tattara su, su mayar da su cikin kwamfuta. A wannan karon wanda ya jira shi ne zai yi asara.