Dokar sauya mazauni ga baƙi 'yan ƙasashen waje: misali daga Tambuwal da Kebbe

Daga garin Tambuwal zuwa Aliero ko Jega tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan a mota, kuma ga ɗan Najeriya babu wani abin da ke sauyawa a hanya sai allon da ke nuna cewa an bar jihar Sakkwato an shiga jihar Kebbi.

Amma ga baƙo ɗan wata ƙasa da ke zaune a Najeriya, wannan allo yana da ma'ana a gaban doka. Idan ya kwashe kayansa ya koma can da zama, to ya fita daga hannun ofishin hukumar shige da fice na Sakkwato, ya shiga hannun na Birnin Kebbi, kuma wajibi ne ya sanar da hukumar.

Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya ga dama a cikin Najeriya. Sai dai sashen 'yan ƙasa ya ambata. Shi baƙo zamansa bisa izini ne, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan izinin shi ne hukuma ta san inda yake kwana.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayu na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1963. A watan Maris na 2017 kuma ministan harkokin cikin gida na lokacin, Janar Abdulrahman Dambazau mai ritaya, ya ƙaddamar da ƙa'idojin aiwatar da ita.

Ƙa'idojin sun ɗora wa hukumar shige da fice alhakin ajiye rajistar baƙi, sannan suka ɗora wa baƙon alhakin yin rajista a jihar da yake zaune. Idan wani abu ya sauya daga bayanan da ya bayar, musamman adireshinsa, sai ya sanar, kuma wa'adin da aka gindaya na kwanaki bakwai ne. Mai ƙaura daga wata jiha zuwa wata yana da ofisoshi biyu da zai yi hulɗa da su: wanda zai bari da wanda zai koma.

Ba a kan baƙon kaɗai nauyin ya tsaya ba. Masu otal-otal da gidajen saukar baƙi su ma an umarce su da su riƙa rubuta bayanan 'yan ƙasashen waje da suka sauka a wurinsu, domin jami'ai su duba idan bukata ta taso.

Ya kamata a lura cewa batun shige da fice na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai. Gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ko hakimi ba su da ikon bayar da izinin zama. Al'adar kai baƙo wurin mai unguwa a gabatar da shi tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma tana da amfaninta, to amma ba ta ɗauke wa baƙon wajibin zuwa ofishin hukuma ba.

Daga lardi zuwa jiha

Tsarin rajistar baƙi ya samo asali ne tun zamanin da ake raba Arewa lardi-lardi. A 1958 aka cire sashen shige da fice daga cikin rundunar 'yan sanda, a 1963 kuma aka yi masa doka tasa, tare da ƙa'idojin sa ido kan baƙi.

Akwai wani abin lura a dokar ta 1963 yadda aka fara rubuta ta. Wanda ta kira baƙo shi ne duk mutumin da ba ɗan ƙasashen Kwamanwel ba ne, ba kuma ɗan Ireland ba. Ma'ana, Bature daga Ingila ko malami daga Pakistan ba ya cikin wannan rukuni, amma Bahaushen Birnin Ƙonni, wanda ƙila mahaifiyarsa 'yar Illela ce, yana ciki.

A wancan lokaci Tambuwal da Kebbe da Jega da Gummi duk a Lardin Sakkwato suke. Haka suka ci gaba da zama tare a jihar Arewa maso Yamma daga 1967, da kuma jihar Sakkwato daga 1976. A watan Agusta na 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihar Kebbi, sannan a watan Oktoba na 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Zamfara.

Wannan ne ya mayar da Tambuwal da Kebbe ƙananan hukumomin bakin iyaka, ko da yake babu ɗayansu da ta taɓa wata ƙasa. Tambuwal na maƙwabtaka da Kebbi, ita kuwa Kebbe tana tsakanin Kebbi da Zamfara. Ƙaurar da a 1990 ta cikin gida ce, yanzu ta zama ta tsallake jiha. Malamin da ya zo daga waje yana koyarwa a Tambuwal, idan ya samu aiki a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, sai an mayar da bayanansa wata jihar, alhali Aliero ta fi masa kusa nesa ba kusa ba a kan birnin Sakkwato, mai nisan kimanin kilomita ɗari.

Baƙi iri biyu

Doka ba ta ɗauki dukan baƙi daidai ba. Waɗanda suka zo daga wajen Afirka ta Yamma domin aiki ko dogon zama, kamar injiniyoyin kamfanonin gina hanyoyi da likitoci, suna karɓar katin da ake kira CERPAC, wanda aka fara bayarwa a 2002, ya haɗa izinin zama da shaidar rajista wuri guda. A ƙarshen 2018 an ninka kuɗinsa daga dala 1,000 zuwa 2,000. Irin waɗannan baƙi galibi kamfanin da ya ɗauke su ne ke bin takardunsu, don haka ba su cika saɓa wa'adi ba.

Rukuni na biyu, wanda kuma shi ne mafi yawa a ƙasar Sakkwato, na 'yan ƙasashe maƙwabta ne. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO da aka sanya wa hannu a Dakar a watan Mayu na 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwanaki 90, muddin yana da takardar tafiya ingantacciya. Ƙarin yarjejeniyar da aka yi a 1986 ta ba shi damar zama, amma da katin zama na ECOWAS.

A nan ne doka da rayuwar yau da kullum suke rabuwa. Ɗan cin rani da ya taso daga yankin Tawa ko Doso bayan girbi ba ya zuwa da niyyar zama a adireshi guda. Yana bin aiki ne: wata guda a lambun albasa, wani watan a gini ko ga-ruwa, kafin damina ya koma gida. Makiyayi ma ciyawa da ruwa yake bi. Dokar da aka gina bisa tunanin mutum mai gida guda da lambar titi da wuya ta kama irin waɗannan, kuma da yawansu ba su taɓa jin labarinta ba.

Matsayin 'yan Nijar ya ƙara sarƙaƙiya bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023. Najeriya ta rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, sannan a ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta nemi mambobinta da su ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su kuma bar su da 'yancin shiga da zama, har sai an sake wata sanarwa. Wato abin da da yake haƙƙi ne a ƙarƙashin yarjejeniya, ya koma rangwame na wucin gadi.

Lokacin da takarda ke yin rana

Tarihi ya nuna cewa irin waɗannan dokoki sukan yi shekaru ba a waiwaye su ba, sai ranar da tattalin arziƙi ko tsaro ya taɓarɓare. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta kori baƙi marasa takardu, lamarin da ya shafi Hausawa da yawa na unguwannin zango. A ranar 17 ga Janairu, 1983, ministan cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya bai wa baƙi marasa izini makonni biyu su bar Najeriya. An ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan biyu ne suka fita, ciki har da 'yan Nijar masu yawa. An sake yin makamancin haka a 1985.

Hatta ɗan ƙasa bai tsira ba idan aka sa shakku a asalinsa. A 1980 an tasa ƙeyar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, zuwa Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa.

A watan Yuli na 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta, ga duk wanda ya kai shekara 18 kuma zai wuce kwanaki 90 a ƙasar, tare da afuwar watanni shida ga marasa takardu. Bayyanar 'yan bindigar Lakurawa a sassan Sakkwato da Kebbi, wadda rundunar soja ta sanar a watan Nuwamba na 2024, ta sake ƙarfafa kiraye-kirayen a san ko su wane ne baƙin da ke shigowa.

A sauran ƙasashe

Najeriya ba ita kaɗai ke da irin wannan tsari ba. A Amurka baƙo yana da kwanaki 10 ya sanar da sabon adireshinsa, a Japan kwanaki 14. A China, inda 'yan kasuwar Kano ke zuwa sayayya a Guangzhou, wanda ya sauka a gidan da ba otal ba sai ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin sa'o'i 24. A Thailand ma mai gida ne ke da alhakin kai rahoton baƙonsa cikin sa'o'i 24. Birtaniya kuwa ta soke tsarinta na rajistar baƙi a wurin 'yan sanda a watan Agusta na 2022.