TARIHI: Daga ina aka samo zaɓen jinsin ɗan wasa a gem ɗin wayarka?

 Yau ba gyaran caji ko filashin za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Shekaranjiya wasu yara biyu suka kawo min waya canjin sikirin a shagona nan Daura. Ina cikin aiki sai gardama ta kaure tsakaninsu kan wani gem na yaƙi. Ɗaya ya zaɓi wani ƙaton dodo mai haure, ɗayan yana ce masa ai wannan jinsin ƙarfi kawai gare shi, ba ƙwaƙwalwa, haka aka halicce shi. Maganar ta tsaya min a rai, don na taɓa jin irinta a kaina. Zan dawo kan wannan a ƙasa.

Duk mai buga gem ya san layin jini da ke raguwa idan an harbe ka, ya san maki da ake tarawa a hau mataki na gaba, ya san shafin da ake zaɓen ɗan wasa kowa da baiwarsa, kamar yadda ake yi a Free Fire. To waɗannan abubuwa sun girmi wayar hannu. A kan tebur suka yi suna, da takarda da fensir.

ASALIN WASAN

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasa mai suna Dungeons & Dragons, a taƙaice D&D. Kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ne ya buga shi, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko, dala 10 kowane ɗaya.

Yadda ake yin sa kamar tatsuniya ce da kowa yake da baki a ciki. Mutum ɗaya shi ne mai ba da labari kuma alƙali. Sauran kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda. Mai labari zai ce, kun iso bakin rijiya, ga maciji a ciki, me za ku yi? Kai kuma ka ce zan sare shi. Sai a jefa ƙwaya irin ta lido, lambar da ta fito ita za ta nuna ko saran ya ci. Ba kuɗi ake sawa ba, labari ake ginawa.

Kowane jarumi yana da lambobi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, hikima da kwarjini. Sannan ka zaɓi sana'arsa, a farko guda uku ne: mayaƙi, mai sihiri, da malamin addini mai warkarwa. Sai kuma ka zaɓi jinsinsa. A nan rigimar take.

JINSI HUƊU NA FARKO

A littafin 1974 akwai mutum, akwai dwarf wato gajerun maƙera mazauna duwatsu, akwai elf masu dogon kunne da tsawon rai, akwai kuma hobbit. Wanda ya kalli fim ɗin The Lord of the Rings ya san su. Kamar ta yi yawa har masu haƙƙin mallakar labaran Tolkien suka yi barazanar kai ƙara wajen 1977, dole aka sauya sunan hobbit ya koma halfling.

Doka ta ce mutum zai iya zama duk abin da ya so, ya hau mataki ba iyaka. Dwarf kuwa mayaƙi kawai zai zama, kuma ba zai wuce mataki na 6 ba. Hobbit mataki na 4 ya tsaya. Elf yana kaiwa na 4 a yaƙi, na 8 a sihiri. Dalilin Gygax shi ne sauran jinsunan an ba su baiwa tun daga haihuwa, in ba a taka musu birki ba kowa su zai zaɓa, shi kuma duniyar da mutum ke mulki yake so.

A 1978 sabon littafin 'yan wasa ya fito da ƙarin zaɓi, har da ruwa-biyu tsakanin mutum da dodon da ake kira orc. Shi an ƙara masa maki 1 a ƙarfi, 1 a juriya, an cire masa 2 a kwarjini. A wannan bugun ko mace ka zaɓa, an yi mata iyakar ƙarfi ƙasa da ta namiji. Sai a bugu na biyu na 1989 aka cire wannan.

WA KE RABA GARDAMA?

Duk wanda ya taɓa buga Whot ya san abin. Wata majalisa lamba 5 a ɗauki uku ne, wata majalisar ba su san da wannan ba, sai a kusa dambe. Haka 'yan D&D suka yi ta fama. Dokoki sun yi yawa, wata tana karo da wata. A 1979 mujallar kamfanin mai suna Dragon ta buɗe fili na musamman, Sage Advice, wata ma'aikaciyarsu Jean Wells tana amsa wasiƙun masu tambaya. Ka rubuta wasiƙa, ka jira watanni kafin ka ga amsa. Zamanin bugu na biyar kuma wani daga cikin marubutan dokokin, Jeremy Crawford, ya riƙa amsa irin waɗannan tambayoyi a Twitter. Amma duk da haka ƙa'idar da ta fi kowace ƙarfi ita ce, a kan tebur maganar mai ba da labari ita ce ta ƙarshe.

YADDA AKA RIƘA SAUYAWA

A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, a 1999 shi ma Hasbro ya saye shi. Bugu na uku da ya fito a 2000 ya rushe iyakar mataki, kowane jinsi zai iya kowace sana'a. Sai dai ruwa-biyun orc har lokacin ana cire masa 2 a ƙwaƙwalwa. Bugu na biyar ya zo a 2014, kuma a wani littafin 2016 da ya ba da damar zaɓen orc, nan ma an rage masa ƙwaƙwalwa.

Mutane suka fara ƙorafi. Suka ce yadda ake siffanta orc, jahilai masu son jini tun daga ciki, ya yi kama da yadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa siffanta baƙar fata da sauran al'ummu. Ga kuma wasu elf masu baƙar fata da ake kira drow, su ma an ce mugaye ne. Wasu kuma suka ce haba, dodon tatsuniya ne fa, me ya haɗa shi da mutane? Har yau ba a gama wannan gardamar ba.

A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka, kamfanin ya fito ya yarda cewa akwai gyara. A Nuwamban shekarar wani littafi ya ba ɗan wasa damar sa makin inda ya ga dama. A ƙarshen 2022 suka ce sun daina amfani da kalmar da ke nufin launin fata ko ƙabila. A littafin 2024 kuwa makin ya koma kan tasowar jarumi: soja ne, manomi ne, ko mai sana'ar hannu. Shekara 50 kenan kafin su kai nan.

MU DAWO GIDA DAURA

Da nake karanta wannan tarihi sai na ga ai mu ma muna da namu. Kowane ɗan Daura ya san labarin Bayajidda: ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Magajiya Daurama. Ita ta haifi Bawo, kuyangarta Bagwariya ta haifi Karɓagari. Daga nan labarin ya raba Hausa Bakwai, wato Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, da waɗanda aka kira Banza Bakwai, irin su Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da Yarbawa.

Har rabon baiwa aka yi, sak irin na gem. Kano da Rano sarakunan baba, wato rini. Katsina da Daura sarakunan kasuwa. Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. To amma duba abin da tarihi ya yi. Kasuwa da aka ce tamu ce, tsakani da Allah Kano ce ta zama cibiyarta, ga Kurmi nan tun zamanin Rumfa. Kabi da aka sa a layin banza, a ƙarni na 16 Kanta ya kafa daula mai ƙarfi a Surame. Zamfara kuwa wa zai ce ba Hausa suke ji ba? Jerin sunayen ma yakan bambanta daga ruwaya zuwa ruwaya. Labarin gadonmu ne, muna alfahari da shi, muna kai baƙi su ga Kusugu. Amma mutane ne suka ruwaito shi, kamar yadda mutane suka rubuta dokokin D&D.

Kakanninmu ma sun san dabarar rage zafin abin. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya tsokani ɗan uwansa a yi dariya a wuce. Matsalar tana zuwa ne ranar da wasa ya koma hukunci.

Ni ɗan gidan maƙera ne. Da na gama sakandare na je koyon gyaran waya, wani babba ya dube ni ya ce, kai da hannunka ya saba da guduma, ina kai ina aikin ƙwaƙwalwa? Na kwana biyu abin yana cina. Yau alhamdulillahi da hannun nan nake ɗaga IC a kan bod ba tare da na ƙona na kusa da shi ba, kuma sanin zafin wuta a maƙerarmu na fara koyon sa. Na san abokina ɗan gidan mahauta da aka hana aure saboda sana'ar kakansa, alhali shi ko wuƙar fawa bai taɓa riƙewa ba. A gem maki 2 kawai ake cire wa jarumi, shi kuwa matar aure ya rasa.

IDAN KANA SON GWADAWA

Ba sai da kuɗi ba. Dokokin farko kyauta ne a shafin D&D Beyond, da Turanci. Ka shiga Play Store ka rubuta dice roller ka sauke manhajar jefa ƙwaya. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ɗaya ya zama mai labari. Ba dole sai elf da dwarf ba, tun 2002 aka buga wani mai suna Nyambe da aka gina kan labaran Afirka, ku ma za ku iya gina naku da mafarauci, maƙeri, ɗan kasuwa da Gizo. Ku yarda da dokoki kafin a fara don kada a yi rigimar Whot, kuma in an kira sallah a ajiye.

Yaran nan biyu dai na ba su wayarsu, na ce wa mai dodon ya ci gaba da abinsa, masu dokar da kansu sun janye maganar. Gobe in Allah ya kai mu za mu kawo yadda ake rage zafin waya lokacin buga gem. Ku tura wa abokanku masu gardama.