Gafaka da Zabira

Yau tarihin jaka za mu taɓa.

'Yar uwa, in kin shiga zauren tsohon malami a nan Zurmi, ɗaga kai ki dubi bango. Wataƙila ki ga gafaka a rataye, jakar fatar da ake adana Alƙur'ani rubutun hannu, wanda warƙoƙinsa ba a ɗinke suke ba. In babu ita, iska kaɗai ta isa ta watsa aikin shekara guda. Wanzami kuwa zabira gare shi, mai aljihu-aljihu, nan aska, nan ƙaho. Ranar suna ba ya zuwa sai da ita.

To ina asalin kyanta? Daga akuya ne, jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi. Majemi ya jeme fatar da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, sannan baduku ya yanka, ya ɗinka, ya yi mata ado da geza. Fatake sun daɗe suna ƙetare Sahara da irin wannan fata, har ta kai Turai ana rufe littattafai da ita, amma can sunanta fatar Maroko. Kin ji fa, mu da kiwo, wasu da suna!

Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ga kayan dukawa a kasuwar Kano a 1851, ya yaba su, kuma a 1853 ya ratsa ta Zurmi kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sai fata ta koma bin dogo zuwa Ikko, yawanci busasshiya, ba a jeme ba balle a ɗinka. A ganina tun nan baduku ya fara rasa gaba, tun kafin leda da jakar kanti su ƙarasa shi.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne, mu nan mun bar dukanci ga maza, alhali wajen maƙwabtanmu Buzaye mata ne ke aikin fata. Can Alaska ta Amurka ma, matan ƙabilar Tlingit su ke ɗinka jakar bikinsu da duwatsun ado, mai lilo takwas, ana gadonta a cikin dangi. Mu kuwa tsoho na rasuwa, a raba gona da tufafi, a bar gafaka a bango gara ta cinye.